Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara: Barbados da Ma'aikatan Jinyarmu

A ƙarshen watan Yulin 2020, lokacin da annobar korona ta sa filayen jiragen sama na duniya suka yi tsit, wani jirgi ya sauka a tsibirin Barbados ɗauke da ma'aikatan jinya 95 daga Gana. Shekara guda kafin nan, a watan Yunin 2019, Shugaba Nana Akufo-Addo ya ziyarci tsibirin, Firaminista Mia Mottley ta koka masa da ƙarancin ma'aikata a asibitocinta, shi kuma ya yi alkawarin aika mata. A 2022 wani ayarin na sama da mutum 100 ya bi sahu. A nan gida an yi murna: 'ya'yanmu sun sami aiki, kuma zumuncin da cinikin bayi ya yanke ya fara ƙulluwa. Mu ma mun taya murnar. Sai dai akwai tambayar da ba mu ji an tsaya a kanta ba: ina 'ya'yan Barbados ɗin da ya kamata a ce su ne ke tsaye a kan waɗannan gadaje?

Suna Landan, suna Toronto, suna New York. Hanyar kuwa tsohuwa ce. A shekarar 1948 Birtaniya ta kafa hukumarta ta kiwon lafiya kyauta ga kowa, ta duba ta ga ba ta da isassun hannuwa, sai ta juya ga tsibiran Karebiyan da take mulka ta yi ta ɗebo 'yan mata suna koyon jinya a asibitocinta. Mulkin mallaka ya ƙare, hanyar ba ta toshe ba. Wani rahoto da Bankin Duniya ya haɗa a 2009 ya ƙiyasta cewa ma'aikatan jinya kimanin 7,800 ne ke aiki a ƙasashen Karebiyan masu amfani da Turancin Ingilishi, alhali kimanin 21,500 da aka horar a yankin suna aiki a Amurka da Kanada da Birtaniya. Wato duk mutum ɗaya da ya zauna, kusan uku sun tafi.

Wanda ya tashi a babbar ƙasa zai yi wuya ya gane nauyin wannan lissafi. Mutanen Barbados duka ba su kai 300,000 ba. Birnin Kumasi kaɗai ya ninka su. Babban asibitin gwamnati da ke karɓar manyan larurori guda ɗaya ne, Asibitin Sarauniya Elizabeth da ke Bridgetown. A wurinmu, idan asibitin gunduma ya gaza, a kan sa mara lafiya a mota a nufi Tamale ko Kumasi ko Akra, ko da an sha wuya a hanya. Mutumin tsibiri kuwa teku ce a gabansa, teku ce a bayansa. Idan ma'aikata goma da suka ƙware a ɗakin masu matsanancin rashin lafiya suka ajiye aiki a shekara guda, babbar ƙasa ba za ta ko ji a jikinta ba, amma a tsibiri rufe gadaje za a yi. Haka ta faru a Jamaika a farkon 2017, inda asibitin koyarwa na Jami'ar West Indies da ke Kingston ya ɗage manyan ayyukan tiyata saboda rashin ƙwararrun ma'aikatan jinya. Likitocin suna nan, ɗakin tiyatar yana nan, amma babu mai tsaron numfashin mara lafiya bayan an fito da shi.

A nan ne muke ganin masu magana a kan wannan batu suke yawan kuskure, domin suna ƙirga kawuna kamar ana ƙirga buhunan masara. Masu ɗaukar ma'aikata daga waje ba ɗanyen hannu suke nema ba. Wadda suke nema ita ce wadda ta yi shekara bakwai ko goma a ɗakin tiyata ko ɗakin wankin ƙoda, wadda za ta dubi fuskar mara lafiya da tsakar dare ta gane cewa abu ya canja tun kafin na'ura ta yi ƙara. Ita ce kuma ke riƙe da hannun sababbin da suka fito daga makaranta, daga cikin irinta ne ake samun malaman makarantar jinyar kanta. Idan ta tafi, ta tafi da aikinta da kuma tarbiyyar waɗanda za su gaje ta. Waɗanda suka rage su ɗauki aikin mutum biyu, su kwana a tsaye, su gaji, su ma su fara neman takardar fita. Rijiya ce ake yashe ta daga ƙasa, ana ta zuba mata ruwa da guga daga sama.

Jamaika ta gwada ɗaure ma'aikatanta da yarjejeniya: gwamnati ta horar da ke kyauta, ke kuma ki yi mata aiki na wasu shekaru, in kin karya ki biya tara. Kamfanonin ɗaukar ma'aikata na ƙasashen waje suka ga tarar ba ta taka kara ta karya ba, suka riƙa biya suna wucewa da mutanensu. Ta kuma daɗe tana cike gurbi da ma'aikata daga Kyuba. Barbados ita kuma ta tsallako teku ta zo wurinmu.

Ba za mu zargi wadda ta tafi ba, kuma mu ne mutane na ƙarshe da ya kamata su yi hakan. Kakanninmu fatake ne. Neman goro da neman halali ne suka kafa zangon da muke zaune a cikinsa. Mace ta yi karatu, tana da 'ya'ya da iyaye tsofaffi, an ce mata ga inda za a biya ta ninkin abin da take samu, ga kayan aiki, ga damar ƙarin ilimi. Wane ne a cikinmu zai ce mata ta zauna don kishin ƙasa, alhali kishin ƙasar bai biya mata kuɗin haya ba? Tafiya ma a kan kanta ba asara ba ce. Nita Barrow 'yar Barbados ce, ma'aikaciyar jinya, ta yi karatu a Kanada da Birtaniya da Amurka, ta dawo ta yi wa yankinta aiki har ta zama Gwamna Janar ta ƙasarta daga 1990 zuwa rasuwarta a 1995. Asarar tana wurin tafiyar da babu ƙofar dawowa a cikinta.

To, mu fa? Hujjar da aka ba mu ita ce Gana tana da dubban ma'aikatan jinya da suka gama makaranta suna zaune a gida, suna jiran gwamnati ta sami kuɗin ɗaukarsu. Gaskiya ne, kuma kusan kowace unguwa tana da irinsu. Amma Barbados ma ƙwarewa take nema, kamar yadda Ingila take nema a wurinta. Wadda ta shekara uku tana jiran takardar ɗauka ba ita ce za a sa a ɗakin masu ciwon zuciya ba. Kuma Ingilar ba ta tsaya a tsibirai ba: a 2022 kaɗai ma'aikatan jinya 'yan Gana sama da 1,200 ne suka shiga rajistar masu jinya ta Birtaniya. Don haka sarƙa ce. Mai ƙarfi ya ɗauka daga tsibiri, tsibiri ya ɗauka daga Akra, Akra ta jawo daga gundumomi, ƙarshen sarƙar kuma ya faɗa kan wata mai naƙuda a ƙauyen arewa wadda ba ta taɓa jin sunan Bridgetown ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar ɗaukar ma'aikatan lafiya tsakanin ƙasashe tun 2010, kuma a 2023 ta lissafa ƙasashe 55 da ta ce a daina zuwa farautar ma'aikata a cikinsu, sai dai ta yarjejeniyar gwamnati da gwamnati. Gana tana ciki, haka Nijeriya da Nijar da Kamaru. Barbados da Jamaika ba sa ciki, domin a ma'aunin hukumar alƙalumansu sun yi kyau a takarda. Ma'aunin bai ga ƙanƙantar tsibiri ba. Ƙa'idar kuma shawara ce kawai, babu wanda ake hukuntawa in ya taka ta.

Ra'ayinmu shi ne tsibiri ba zai warke da aro ba. Kwangilar ayarin farko ta shekara biyu ce, kuma wadda ta iya barin Kumasi zuwa Bridgetown za ta iya barin Bridgetown zuwa Toronto. Ƙaramar ƙasa ba za ta yi gasar albashi da Amurka ba, wannan kowa ya sani. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma yawancin tsagar ba ta fi ƙarfin gwamnati ba: a biya kuɗin ƙarin lokaci a kan kari, a tabbatar da mutum a aiki maimakon a bar shi shekaru yana na wucin gadi, a yi matakin girma ga wadda ta ƙware ba sai ta bar gadon mara lafiya ta koma ofis ba, a taimaka da gida, a kuma karɓi wadda ta dawo daga waje a matsayin da ta kai, kada a mayar da ita layin farko. Ƙanƙantar da ke cutar da tsibiri tana da wani amfani a nan: ministan lafiya zai iya sanin ƙwararrun ƙasarsa ɗaya bayan ɗaya, ya ji daga bakinsu abin da zai sa su zauna.

Su kuwa manyan ƙasashen da ke kwasa, biyan tarar mutum ɗaya ba biya ba ne. Wanda ya ɗauki malamar jinya ya kamata ya ɗauki nauyin horar da masu maye gurbinta, a makarantun tsibirin, da kuɗinsa.

Mu a nan, duk ranar da aka sake sanar da wani ayari, muna roƙon 'yan'uwanmu da ke da bakin magana, a majalisa ko a rediyo ko a ƙungiyar ma'aikatan jinya, su nemi a buga yarjejeniyar kowa ya karanta. A faɗa mana daga waɗanne asibitoci aka zaɓo masu tafiyar, mutum nawa daga cikin masu zaman jira aka ɗauka a gurbinsu, da kuma nawa ne suka dawo daga cikin 95 ɗin nan na 2020.