Wanda Aka Kayar Ma Yana da Suna

A kakar bara, bayan an ɗaure gero, na tsaya kallon kokawa a wani ƙauye tsakanin Mai'aduwa da kan iyaka. 'Yan Damagaram sun tsallako daga wajen Matamaye kamar yadda suka saba, makaɗa sun saki ganga, ƙura ta turnuƙe fage. Can sai aka shigo da wani ƙato da ya fara manyanta, gwiwarsa ɗaure da tsumma. Mai shela bai faɗi sunansa ba. Sunan yayansa ya kira, wani tsohon zakara da ya yi tashe a yankin, ya ce ga ƙaninsa nan. Aka jima ana kai-kawo, har wani saurayi ya sure masa ƙafa ya kai shi ƙasa. Wani dattijo da ke gefena ya yi tsaki ya ce, "Albasa ba ta yi halin ruwa ba. Da sunan yayansa kawai yake ci."

Da na zauna rubuta labarin, na sa sunan saurayin da garinsu da kyautar da ya samu. Wanda aka kayar kuwa, "ƙanin wane" na rubuta, domin ban ma tambayi sunansa ba. Sai daga baya na ji cewa ya shekara 15 yana zaga fagage daga Baure zuwa Zango har Magarya, yana kayarwa ana kayar da shi, kuma da wannan sana'a yake ciyar da iyalinsa. Hukuncin da dattijon nan ya yanke zalunci ne, kuma ni da alƙalamina na taya shi.

Ɗan kokawar da ya fito daga gidan zakara ba shi da hanyar kuɓuta daga bakin 'yan kallo. In ya yi kaye, a ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, wato yabon ya koma gida. In an kayar da shi, a ce ya zubar da sunan gida, wato laifin ya tsaya a kansa shi kaɗai. Nasararsa ta zama gado, faɗuwarsa ta zama hali.

Wannan ɗabi'a ta shiga har cikin sunayen da muke kiran 'yan wasa. Duk mai bibiyar dambe, a gidan Ali Zuma da ke Dei-Dei ko a Kano, ya san yadda ake laƙabi: Shagon wane, Bahagon wane, Autan wane. Asalin abin girmamawa ne, almajiri yana jingina da ubangidansa. Amma dubi Ali Ƙanin Bello. Ya yi suna har mafi yawan masu kallo sun san shi fiye da Bellon da ake jingina shi da shi, duk da haka laƙabin bai sake shi ba. In wanda ya kai ƙololuwa bai tsira daga "ƙanin wane" ba, ina ga wanda ya ƙare rayuwarsa a tsakiyar sahu?

Misalin da ya fi fito da wannan fili daga Amurka yake, a cikin kokawar nan ta talabijin da yawancinmu muka taso muna kallo. Kowa na tuna Randy Savage, mai muryar nan kamar ana jan dutse. Kaɗan ne ke tuna ƙaninsa Lanny Poffo. Ubansu, Angelo Poffo, ɗan kokawa ne, kuma a kamfaninsa su biyun suka goge kafin su shiga WWF a 1985. Randy ya zama zakaran duniya. Lanny kuwa aikinsa shi ne ya hau dandali, ya karanta 'yar waƙar da ya tsara, ya nuna gwanintar tsalle da juyi a sama, sannan ya faɗi. Irin wannan kokawa shiryayya ce, an san wanda zai yi nasara tun kafin a fara, saboda haka faɗuwa a cikinta sana'a ce mai zaman kanta. Dole wanda za a kayar ya san yadda zai karɓi duka ba tare da ya karye ko ya karya abokinsa ba, ya kuma sa 'yan kallo su yarda cewa tauraron nan dodo ne. Sau ɗaya aka ba shi babbar rana: a Nuwamban 1989 an ba shi nasara a kan Hulk Hogan, bayan da alƙali ya gama ƙirge Hogan yana wajen dandali. Ya rasu a Fabrairun 2023 yana da shekara 68, kuma da wuya ka ga labarin rasuwarsa da bai fara da sunan yayansa ba.

Mai musu zai ce ai suna yana buɗe ƙofa, kuma yana da gaskiya. Lanny da bakinsa ya sha faɗa cewa bayan Randy ya koma kamfanin WCW, shi ma an ba shi kwantiragi, ya yi shekaru yana karɓar albashi ba a sa shi wasa ba. Wannan alfarma ce, ba ta da wani suna. A fagagenmu ma, ƙanin zakara ya fi saurin samun gayyata, mai shela ya fi ɗaga murya a kansa. To amma alfarmar a bakin fage take tsayawa. A kokawar gargajiya babu rubutaccen shiri, ƙasa kuma ba ta tambayar asalin wanda ya faɗo mata. Sunan yaya zai iya shigar da mutum fage sau ɗaya ko sau biyu. Ba zai riƙe masa gwiwa shekara 15 ba. Abin da ya fi haka, kowane matashi mai neman suna shi yake hari, domin kayar da ƙanin zakara labari ne da za a kai kasuwa.

Sai kuma lissafin da ba mu cika yi ba. A Nijar, gasar Takobi ta ƙasa ta faro a Tawa a 1975, Kantu na Maraɗi ya fara ɗaukarsa. A yau jihohi takwas ke turo 'yan kokawa goma-goma, mutum 80 ke nan, takobi kuwa ɗaya ne. Isaka Isaka na Doso ya ɗauke shi fiye da kowa a tarihin gasar, kuma sunansa ya cancanci ya zauna a bakin mutane. Amma a kowace shekarar da ya yi sarauta, mutum 79 sun koma gida babu takobi, kuma da ƙarfinsu aka auna nasa. In da ragwaye ya kayar, da ba wanda zai kira shi sarki. Haka Shagon da Ɗan'anace ya yi wa waƙa: darajarsa daga ƙarfin mazajen da ya buge ta fito. Duk wanda ya raina wanda aka kayar, ya rage wa zakara daraja bai sani ba.

Mu mutanen Daura bai kamata a koya mana nauyin babban suna ba. Daga 2015 zuwa 2023, duk ɗan garin nan da ya samu ci gaba a wurin aiki sai da ya ji an ce albarkacin wane ne. Wasu lallai albarkacin suka ci. Wasu kuwa sun shekara 20 suna wahala kafin lokacin, aka haɗa su aka yi musu kuɗin goro. Wanda ya ji zafin wannan a ofis, bai dace ya zo fage ya yi wa ɗan kokawa irinsa ba.

Gyaran ba shi da tsada. 'Yan jarida, mu rubuta sunan mutum biyu a kowace karawa, da garin kowannensu, mu daina maye sunan mutum da na danginsa. Masu shirya wasa, ku yanka wa wanda aka kayar rabonsa tun kafin a kaɗa ganga, ku kuma tanadi mai duba rauni a bakin fage, domin gwiwar da aka ɗaure da tsumma ita ce ke tara muku 'yan kallo. Masu riƙe da al'adun masarauta, ku sa a rubuta waɗanda suka yi shekaru suna wannan sana'a a gundumominmu, zakaru da waɗanda ba su taɓa zama zakaru ba, tun dattawan da suka san su suna raye.

Ni dai akwai bashi a kaina. In Allah ya kai mu kaka, zan koma ƙauyen nan, in nemi mutumin mai ɗaurarriyar gwiwa, in gaishe shi, in tambaye shi sunan da aka raɗa masa.