Girman Harafi a Waya: Haƙƙin Mai Karatu

Da zarar mutum ya haura shekara 40, ƙwayar idonsa kan fara rasa laushinta, sai karanta abin da ke kusa ya riƙa yi masa wuya. A da, matsalar ba ta wuce ta jarida da littafi ba. Yau kuwa, da harkar banki da biyan kuɗin makaranta suka koma cikin wayar salula, girman harafi ya shafi aljihun mutum da sirrinsa.

Masu ƙera wayoyin sun yi nasu ƙoƙarin. Tun 2013 kamfanin Apple ya bai wa mai iPhone damar zaɓar girman rubutun da ya dace da idonsa. A 2023 kuma, Android 14 ta ba da damar ninka girman har sau biyu, ta yadda ƙananan haruffa ke girma sosai, manyan kanun rubutu kuwa kaɗan, don kada shafi ya cushe.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen masu rubuta manhaja. A Android akwai ma'auni biyu: dp, wanda ba ruwansa da zaɓin mai waya, da sp, wanda ke bin zaɓin. Duk wanda ya auna rubutu da dp ya ɗaure harafin ke nan, ko me mai wayar ya zaɓa. Wani kuma ya yi amfani da sp, amma ya ƙayyade tsawon akwatin, sai rubutun ya girma ya yanke, adadin kuɗi ya rasa lambar ƙarshe.

Sakamakon haka muna ganinsa kullum: dattijo ya miƙa wayarsa ga mai shagon cire kuɗi domin ya karanta masa lambar sirrin da banki ya turo. Ga mai karanta Hausa kuwa akwai ƙarin damuwa, domin ɗan lanƙwasan da ya raba ƙafa da kafa, ko baƙi da baki, shi ne ke fara ɓacewa idan harafi ya ƙanƙance.

Shawarata ga matasanmu masu koyon wannan sana'a ita ce: kafin ku saki manhaja, ku ƙure girman rubutun wayarku, ku bi kowane shafi. Sannan ku miƙa ta ga mahaifanku. Idan suka iya tura kuɗi ba tare da sun kira kowa ba, to aikinku ya kammala.