Sassaƙa Samfurin Jirgin Tsere: Kira ga Sashen Hausa

Malamaina da ɗalibai 'yan'uwana, akwai wata al'ada ta Turawa da ya kamata mu dube ta da idon basira, watau sassaƙa samfurin shahararrun jiragensu na tsere da katako. A shekarar 1851 wani jirgi mai suna America, irin wanda iska ke korawa, ya cinye tseren kewaya tsibirin Wait na Ingila, har aka raɗa wa kofin gasar sunansa. Rumfar da aka ajiye shi ta rufta masa a 1942, aka wargaza abin da ya rage a 1945. Duk da haka siffarsa ba ta ɓace ba, domin masu sha'awa suna ta sassaƙa shi bisa awo.

Mu ma muna da namu. Ana tseren kwale-kwale a bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka soma a 1934, haka kuma a Rigatar Yawuri. Bugu da ƙari, jirgin da aka gano a Dufuna cikin 1987, mai tsawon fiye da mita 8, an sassaƙa shi ne da maɗaci kimanin shekaru 8,000 da suka wuce. Amma ɗalibi nawa ne cikinmu zai iya faɗin sunayen sassan kwale-kwale daga goshi zuwa ƙarshe?

A ganina, ya dace Sashen Hausa ya sa a sassaƙa masa babban samfurin jirgin tsere. Jirgi mai ƙafa 30 sai a mayar da shi ƙafa 6, kowane inci ya tsaya a madadin inci 5, ta yadda ba za a rasa ko da mazaunin matuƙi ba. Sarkawa su ba da siffa da awo, masassaƙi ya riƙe gizago, ɗalibai kuwa su zauna da alƙalami suna rubuta sunan kowane sashe da kowane mataki na aikin.

Ina za a sami ice da gwani? A nan ne nake tuna mana da Dogon Dawa da sauran ƙasar Birnin Gwari. Ko da yake ba a san su da tseren jirgi ba, dajinsu gidan doka ne da maje da maɗaci, kuma hannun da ya saba fafe turmi da akushi ba zai kāsa fafe cikin jirgi ba. Sai dai wannan arziki yana cikin haɗari. An mayar da Kamuku gandun dajin ƙasa a 1999, amma 'yan bindiga sun yi shekaru suna hana talaka shiga daji, har suka yi kisan gilla a Dogon Dawa a 2012. Masassaƙin da ya yi hijira birni ya kama dako, ya tafi da kalmomin sana'arsa.

Wani zai ce wannan ai motar kara ce, wasan yara. To, motar kara da ka ake yin ta, samfuri kuwa da awo, kuma gungume guda na icen da ya faɗi ya ishe shi. Bahaushe ya ce gani ya kori ji. Ƙamus yana adana kalma, amma ba ya nuna inda take zaune a jikin abu.

Saboda haka ina roƙon Ƙungiyar Hausa ta sa wannan aiki cikin shirin Makon Hausa mai zuwa, tun gwanayen suna raye. Allah Ya ba mu iko.