Dokokin Hana Makamai: Wa Ke Lissafin Amfaninsu?

Tsarin Mulkin 1999 ya damƙa sha'anin makamai da harsasai a hannun Gwamnatin Tarayya ita kaɗai, kuma Dokar Bindigogi ta 1959 ce har yanzu ke fayyace wanda ya cancanci riƙe bindiga. Jihohi ba su da ikon kafa tasu dokar bindiga, amma wutar a gidajensu take ci. Saboda haka kowane gwamna ya nemi mafita da abin da ke hannunsa.

A watan Satumba na 2021 jihohin Zamfara, Katsina, Sakkwato da Kaduna suka rufe wasu kasuwannin mako, suka hana sayar da fetur a jarka, aka kuma katse layukan waya a yankuna da dama. A watan Yuni na 2022 gwamnatin Zamfara ta shawarci jama'a su nemi lasisin mallakar bindiga, 'yan sanda kuwa suka ce haramcin bayar da lasisin yana nan daram. Daga baya Katsina ta kafa rundunar tsaron al'umma a 2023, Zamfara ta ƙaddamar da Askarawa a 2024.

Tambayarmu ita ce: wanne daga cikin waɗannan matakai ya rage kisa, wanne kuma ya ƙara wa talaka wahala kawai? Mu malamai mun san cewa darasin da ba a jarraba ba, ba a iya cewa ya shiga. Haka doka take. Idan ba a rubuta ranar da ta fara aiki, da yankin da ta shafa, da adadin hare-hare kafinta da bayanta ba, to kowane sabon gwamna zai maimaita abin da na gabansa ya gwada, ko da bai yi amfani ba.

A 2021 Gwamnatin Tarayya ta kafa Cibiyar Hana Yaɗuwar Ƙananan Makamai a ƙarƙashin ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro. Mun yi maraba da ita. Sai dai ƙwato bindigogi da lalata su rabin aiki ne. Muna kira ga cibiyar da ta tattara dukkan umarni da dokokin da jihohi suka kafa a kundi guda, ta auna sakamakon kowanne, ta kuma riƙa buga rahoton a fili kowace shekara, har da fassararsa cikin Hausa.

Ba don sha'awar lissafi muke wannan kira ba. Daga makaranta aka kwashi ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara a 2020, aka kwashi 'yan mata 279 a Jangebe a 2021, aka sake yi a Kuriga a 2024. Duk lokacin da aka rufe makaranta, akwai yarinyar da ba za ta koma aji ba har abada. Nijeriya ta amince da Yarjejeniyar Kare Makarantu tun 2015, kuma alkawari kaya ne.

A namu ɓangaren, muna roƙon shugabannin makarantun wannan reshe su riƙa rubuta kowace barazana da kowace ranar karatu da aka rasa, su miƙa wa sakatariyar reshe a ƙarshen kowane zango. Da wannan shaida za mu tunkari hukuma. Allah Ya tsare mu da ɗalibanmu.