Kwamfutar Karatu Ko Kwamfutar GTA?

A wannan wata filin namu zai taɓo wata magana wadda da yawa daga cikinmu iyaye ba mu ɗauke ta a bakin komai ba, alhali kuwa tana cin aljihunmu fiye da yadda muke zato. Maganar ita ce ta wasan nan na na'ura da yaranmu ke kira GTA, da kyan hotonsa, da kuma irin injin da yake bukata kafin wannan kyau ya fito.

Abin da ya sa muka ɗauko ta shi ne, mu malaman makaranta na Nima da Maamobi da Niyutawun mun saba da wata tambaya daga iyaye mata, musamman masu kasa kaya a Kasuwar Malam Atta. Uwa za ta zo da 'yar takarda wadda ɗanta ya rubuta mata, ta ce, "Malam, duba mini, wai yaronka ya ce makaranta ta ce a saya masa laftof, kuma sai irin wannan." In muka duba sai mu ga an rubuta: dole ta kasance da katin Nvidia, da ram giga 16. To, bari mu faɗa a fili tun daga nan. Darasin kwamfuta na jiniya da siniya, wato buga rubutu da tsara lissafi da neman bayani a intanet da 'yan matakan farko na rubuta manhaja, ba ya bukatar wannan kati ko kaɗan. Wanda ke bukatarsa GTA ne. Wannan takarda ba daga ofishin hedimasta ta fito ba, daga gidan gem ta fito.

Cikakken sunan wasan Grand Theft Auto, ma'anarsa babbar satar mota, kuma kamfanin Rockstar Games na Amurka ne ke da shi, ko da yake a birnin Edinbura na ƙasar Sikotlan aka yi mafi yawan aikin gina shi. Abin da ya bambanta shi da wasan ƙwallo da yara ke bugawa a na'ura shi ne faɗinsa. A wasan ƙwallo fili ɗaya ne da 'yan wasa 22, shi ke nan. A GTA kuwa gari ne sukutum aka sakar wa mai wasa, da tituna da gadoji da teku da duwatsu, da motoci da masu tafiya a ƙasa, kowa na harkarsa, ga rana tana faɗuwa, ga ruwan sama yana jiƙa kwalta. Yaro ya ɗauki mota ya nufi duk inda ya ga dama, kuma tilas injin ya riƙa zana masa garin tun kafin ya iso. Wannan shi ne nauyin.

Domin a gane batun sosai, sai mu tuna da wasan da muka yi muna 'yan firamare, lokacin da mukan zana ɗan mutum a kusurwar kowane shafi na littafin rubutu, mu karkaɗa shafukan da babban yatsa, sai mu ga ɗan mutumin yana tafiya. Haka duk hoto mai motsi yake. Silima tana nuna hoto 24 a cikin daƙiƙa guda. Shi wasa yana son 30, in da hali 60. Amma ita silima an riga an ɗauki hotunanta an ajiye, shi kuwa wasa a nan take injin ke zana kowane hoto daga farko, da inuwarsa da haskensa. Idan injin ya gaza, adadin ya faɗo ƙasa da 20, sai ka ga mota tana tsalle-tsalle kamar tirotiro a hanyar da ruwa ya cinye, wani lokaci ma titin ya ɓace, mota na tafiya a sararin Allah, sai daga baya gidaje su tsiro. In kun ji yaro yana tsaki yana cewa "yana lagin", to wannan yake nufi.

Waɗanda suka yi samartaka shekara 20 da suka wuce za su tuna da San Andreas, wanda ya fito a 2004 a kan PlayStation 2, ya kuma cika gidajen gem na zangunanmu. Ram ɗin wannan na'ura mega 32 ne kacal. Da shi aka ɗauki birane uku da ƙauyukan da ke tsakaninsu, ta hanyar dabara: an lulluɓe nesa da hazo kamar na hunturu, don kada a ga abin da injin bai kai ga zanawa ba. Hannuwan mutanen ciki kamar an sassaƙa su da gatari, amma babu wanda ya damu. A watan Satumba na 2013 GTA V ya fito a kan PlayStation 3 da Xbox 360, ya tara dala biliyan 1 a cikin kwana uku. Da ya iso kwamfuta a watan Afrilu na 2015, a faifai 7 ya zo, yana neman wurin ajiya giga 65. Kamfanin ya ce mafi ƙarancin abin da zai ɗauke shi shi ne ram giga 4 da katin hoto mai giga 1, amma wanda ke son ya ji daɗinsa ya nemi ram giga 8 da kati mai giga 2. Ga ɗan lissafi ga ɗalibanmu: giga 8 mega 8,192 ne, wato ninki 256 na abin da PlayStation 2 ke da shi. A watan Maris na 2025 kuma aka sake fitar da wani bugu na kwamfuta mai bin diddigin haske, inda har hoton gini ake gani a jikin mota da cikin kududdufi, shi kuwa ram giga 8 ne ma ƙaramin abin da yake karɓa, da kati mai giga 4, da wurin ajiya sama da giga 100 a kan ma'ajiya mai sauri ta SSD.

To, a nan gizo ke saƙa. Hoton da yaro ke gani a YouTube da TikTok, wanda ke sa shi ya kasa barci, daga irin waɗannan manyan injuna aka ɗauko shi, sau da yawa ma an yi masa ƙarin kwalliya da ba ta cikin wasan na asali. Da wannan hoto a ransa yake bin uwarsa zuwa Tip Toe Lane a Sakul, inda ake baje kwamfutocin hom-yus da suka shigo ta tashar jirgin ruwa ta Tema. Yawancinsu kuwa na ofis ne, waɗanda wani banki ko wata ma'aikata a Turai ta gama cin moriyarsu. Injuna ne masu ƙwari, mu kanmu da irinsu muke shirya darasi da jarrabawa, amma ba don zanen gari aka ƙera su ba. Ba su da katin hoto mai zaman kansa. Ɗan ƙaramin na Intel da ke manne a jikin ƙwaƙwalwarsu daga ram ɗin injin yake aron wuri.

Mai sayarwa zai nuna ɗan tambarin da ke liƙe kusa da madannai ya ce, "Hajiya, ai wannan i7 ce, babu abin da ba ta ɗauka." Ba lallai ƙarya ya yi a kan tambarin ba, sai dai bai faɗi shekarunta ba. Sunan Core i7 tun 2008 ake amfani da shi. Abin dubawa shi ne lambar da ke biye da 'yar sandar nan. Alal misali i7-2620M zuriya ta biyu ce, ta 2011, ƙwayoyin aikinta biyu. Ita kuwa i5-8250U, wadda sunanta ya fi ƙanƙanta a kunne, zuriya ta takwas ce, ta 2017, ƙwayoyinta huɗu, kuma ta fi waccan aiki nesa ba kusa ba. Tsohon doki ne da matashin doki, ba a kallon sirdi. Bugu da ƙari, kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 na gama-gari a watan Oktoba na 2025, kuma a ƙa'ida Windows 11 daga zuriya ta takwas yake farawa. Saboda haka ko don karatun ma, wannan lamba ta fi tambarin muhimmanci.

A ce ma an dace an sami mai kati. Saura zafi. Injin da aka ƙera don ɗaki mai sanyi a Jamus ya tsinci kansa a ɗaki ɗaya a Nima a watan Maris, kwano a sama, mutum biyar a ciki, kuma a kan katifa yaro ya ɗora shi, ya toshe ramukan da yake shaƙar iska. Ƙurar hunturu ta Disamba da Janairu ta riga ta cika fankar ciki kamar auduga. Da zarar zafin ƙwaƙwalwar ya doshi digiri 90 zuwa 100, sai injin ya rage gudu da kansa don kada ya ƙone. Shi ya sa wasa ke tafiya sumul a minti goma na farko a shagon mai sayarwa, ya fara rarrafe bayan rabin sa'a a gida. Yaro ya ce an cuce shi, uwa ta ce yaro ya ɓata, mai shago ya ce lafiya lau ya ba da ita, kuma kowannensu na da 'yar gaskiyarsa. Masu gyara na gefen kasuwa sun san maganin: a buɗe, a hure ƙura, a sake shafa man sanyi tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙarfenta. Aikin ba shi da tsada, amma wa ya gaya wa uwa cewa kwamfuta ma tana son sabis kamar injin niƙa?

Sai wuta. Mun fita daga dumso mai tsanani na 2012 zuwa 2016 da darasi guda, cewa wutar da ke ɗaukewa ta dawo da ƙarfi ita ke kashe caja da batir. Yanzu kuma ga mitar kati. Na'urar da ke jan wat 200, kamar yadda PlayStation 5 ke yi a tsakiyar wasa mai nauyi, cikin sa'a biyar ta cinye yunit guda, ban da talabijin da fanka. A gidan haya inda ɗakuna shida ke kan mita ɗaya, kun san irin shari'ar da wannan ke haifarwa a tsakar gida ranar da kati ya ƙare.

Wani abin da ya kamata matasa su ji daga bakinmu shi ne batun waya. Kamfanin bai taɓa fitar da GTA V na waya ba. San Andreas ne ya shiga waya tun daga ƙarshen 2013. Duk wanda ya karɓi sidinka ya ce zai zuba maka GTA V a Tecno ko Infinix, to ko dai tsohon wasa ne aka sauya wa riga da suna, ko kuwa manhajar ɓarayi ce, a cikin wayar da ke ɗauke da lambar momo ta gidanku.

Akwai masu cewa mu bar duk wannan lissafi mu ce wasan haramun ne kawai, a huta. Wannan hukunci na malaman addini ne, mu na allo da alli ne. Abin da muka lura da shi dai shi ne, kyan hoto yana canza nauyin abin da ake gani. A 2004 in an bige mutum da mota, kamar 'yar tsana ce ta faɗi. Daga bugun 2014, wanda ya ba mai wasa damar kallo ta idon ɗan ta'addan kansa, hannunsa yake gani riƙe da bindiga, da fuskar wanda yake roƙonsa. Su kansu Turawan da suka yi shi sun buga lamba 18 a jikin kwalinsa, alhali a gidajen gem namu 'yan aji biyar ne a layin gaba. Ba mu ce wasa ne ya haddasa faɗan da ƙungiyoyin samari biyu suka yi da bindigogi tsakanin Nima da Maamobi a watan Janairu na 2022 ba. Wannan ciwo ya girmi PlayStation, tushensa rashin aiki ne da 'yan siyasa masu hayar ƙarfin samari. Amma unguwar da ta ji ƙarar harsashi na gaske tana da ikon ta tambayi abin da ake nuna wa ɗan shekara goma.

Ga uwar da ta zo da takarda kuwa, abin da mukan gaya mata ke nan. In karatu ne, ta nemi i5 zuriya ta takwas ko sama, da ram giga 8, da SSD, da batir mai riƙe wuta, kada ta ƙara ko sisi don kati. In kuwa babban ɗa ne mai koyon zanen gini ko haɗa bidiyo, wanda da gaske aikinsa ke son kati, to abin mamaki shi ne wannan wasan da muke kuka da shi ya fi kowa iya tona asirin inji. Ba a cinikin biri a sama. A sa mai shago ya kunna GTA V, a zauna rabin sa'a cur ana tuƙi a tsakiyar gari, a taɓa ƙasan injin, a saurari fankar, a cire caja a ga abin da zai faru. Wadda ta jure wannan za ta jure kowane aiki. Mai shagon da ya ƙi yarda da gwajin kuwa, a yi masa sallama a matsa gaba, shaguna ba su ƙare a Sakul ba.

Muna kuma sanar da iyaye su shirya kunnuwansu. A watan Disamba na 2023 kamfanin ya nuna tallan GTA VI, ya ce na PlayStation 5 ne da sababbin Xbox, kuma a cikin 2025 sau biyu yana ɗage ranar fitowarsa. Tuni yaran aji suka haddace tallan fiye da jadawalin sau bakwai. Takarda ta gaba da za a miƙo wa Hajiya a bakin tiren tumatir ba za ta ce laftof ba, kuma ba mu san wane darasi za a laƙa mata ba, amma ƙofar ofishin malamai a buɗe take ga duk mai son a karanta masa kafin ya taɓa kuɗin susu.

Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.