Giɓin da ke saman wadrob

Kafinta ya kafa wadrob a jikin bango, ya karɓi kuɗinsa, ya bar tazarar yatsu huɗu tsakanin katakon da silin. Nan ƙurar hunturu ke tarewa, gizo-gizo ya yi saƙa, tsintsiya kuma ba ta shiga.

Maganin siririn allo ne da ake rufe giɓin da shi. Ko a Turai haka ake fama: wadrob ɗin PAX na kamfanin IKEA tsayinsa santimita 201 ne ko 236, silin kuwa ba ruwansa da wannan awo. Wahalar ita ce da wuya silin ya miƙe sambal, ko da na POP ne. Gwani kan kara allon, ya bi lanƙwasar silin da fensir, ya goge katakon daidai layin, ya yanka kusurwa a digiri 45 don bakunan su haɗu tsaf. Idan allon na katakon MDF ne, sai an shafe gefensa da fenti, domin danshin damina kumbura shi yake yi.

Masu cewa ado ne kawai ba su taɓa hawa kujera da tsumma a hannu ba. Mai ba da aiki ya sa allon cikin ciniki tun ranar biyan kafin alƙalami.