Ƙaramar na'urar OBD ba za ta fitar da tsohuwar Hilux daga laka a Faskari ba

Akwai wani irin bidiyo da ke yawan yawo a TikTok da Facebook. Matashi ya soka wata 'yar na'ura a ƙasan sitiyari, ya buɗe manhaja a wayarsa, lamba ta fito a fuskar waya, sai ya ce an gano ciwon mota cikin minti ɗaya. Na'urar ita ce ELM327, manhajar kuma galibi Torque ce ko Car Scanner, kuma ta Bluetooth suke magana da juna.

Na'urar tana da amfani, duk mai motar da ta dace da ita ya kamata ya mallake ta. Sai dai motocin da ke kwaso masara da dawa da waken suya daga ƙauyukan Faskari da Sabuwa zuwa kasuwannin Sheme da Dandume ba irin na cikin bidiyon ba ne. Da yawansu tsofaffin Hilux ne da Land Cruiser, kuma mafi yawan abin da ke tsayar da su a hanya babu na'urar da ke ganinsa. Abin da direbobinsu suka fi buƙata shi ne tsarin bincike, irin wanda masu rubuta manhaja ke bi idan suna farautar kuskure. Waya tana da babban aiki a wannan tsarin, amma ba aikin da ake tallatawa ba.

Dalilin da ya sa maganar ta wuce ta gareji

A Kano ko Kaduna, mota ta tsaya asarar lokaci ce da kuɗin ja. A kudancin Katsina lissafin daban ne. A ƙarshen watan Agusta na 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya saboda matsalar tsaro. A watan Satumba na shekarar aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Wanda ya san yankin ya san abin da ake nufi idan aka ce mota ta mutu a daji bayan la'asar.

Wannan lokacin ya bar darasi ga duk mai dogaro da waya: ilimin da ke YouTube ba ya tare da mutum sai akwai sabis. Don haka kafin a yi maganar kowace na'ura, littafin gyaran motar ya kamata ya kasance a cikin wayar, an sauke shi tun a gida, tare da hoton zanen wayoyin lantarki da na akwatin fiyus.

Abin da na'urar ke gani

Tsarin OBD-II ya zama dole ga motocin da ake sayarwa a Amurka tun 1996. Turai ta biyo baya a 2001 ga masu fetur, sannan a 2004 ga masu dizal. Soket ne mai ramuka 16, kuma ta nan kwamfutar injin ke faɗin abin da sensoshinta suka gani.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne ɗaukar lambar a matsayin sunan kayan da za a saya. Lambar P0171, alal misali, tana cewa iska ta rinjayi mai a cikin injin. Hakan na iya faruwa saboda robar shigar iska ta tsage, ko filtar mai ta toshe, ko famfon mai ya yi sanyi, ko ƙura ta rufe sensar auna iska. Wanda ya je kasuwa ya sayo sabuwar sensa ba tare da ya duba sauran ukun ba, caca ya yi da kuɗinsa. Haka P0300, wadda ke nuna injin yana tsallaken wuta, ba ta ce fulogi ne ba kai tsaye. Masu rubuta manhaja sun san wannan: saƙon kuskure yana nuna layin da shirin ya faɗi, amma sau da yawa asalin matsalar tana can baya, a wani wuri daban.

Sannan akwai motocin da babu wanda na'urar za ta yi magana da shi a cikinsu. Injin 1HZ mai lita 4.2 da Toyota ta fara sakawa a Land Cruiser a 1990, da injin 3L da 5L na tsofaffin Hilux, famfonsu na dizal da ƙarfe yake aiki, ba kwamfuta ke juya shi ba. Wasu tsofaffin Toyota masu fetur kuma suna da nasu salon: a haɗa ramin TE1 da E1 da guntun waya a akwatin bincike, a kunna makulli, a ƙirga ƙiftawar fitilar injin. Wannan ma ba ya buƙatar Bluetooth.

A irin waɗannan injunan, hayaƙi ne ke ba da labari. Baƙi yana nuna mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan, kuma bayan ƙurar hunturu filtar iska ce abin fara dubawa. Mai shuɗi-shuɗi yana nuna baƙin mai ke ƙonewa. Fari na iya zama dizal da bai ƙone ba, ko ruwan lagireto da ke shiga inda bai kamata ba. Injin da ke tashi ya yi 'yan daƙiƙu ya mutu, sau da yawa iska ce ta shiga layin mai ko ruwa ya taru a gindin filta, abin da ke yawan samun masu sayen mai a jarka.

Jan ƙafa huɗu

Yawancin tsofaffin motocin nan suna da 2H da 4H da 4L, kuma babu abin da ke raba gudu tsakanin gaba da baya idan an saka 4H. A cikin laka ko yashi wannan alheri ne. A kan kwalta kuwa illa ce, domin a kowace kwana tayoyin gaba suna buƙatar zagayawa fiye da na baya, ƙarfin sai ya taru a furofela da giya. Direban da ya fito daga hanyar gona ya hau titin Funtua zuwa Gusau ya manta bai cire ba, zai ji sitiyari ya yi tauri, giyar ta ƙi fita. Sau da yawa ja da baya kaɗan a miƙe ya isa ta saki. Tayoyi masu girma daban-daban, gaba da baya, suna haifar da irin wannan matsin.

Idan kuma an saka 4H amma gaba ba ta ja, a fara da mafi sauƙi. Motocin da ke da hob na hannu a tsakiyar tayar gaba, sai an juya duka biyun daga FREE zuwa LOCK. Ɗaya kawai ya ƙi kamawa, gaban gaba ɗaya ya zama ɗan kallo. Waɗanda ke haɗa gaban da iskar injin kuwa, ƙaramar roba guda da ta tsage ta isa ta kashe tsarin. Kwance akwatin tiransfa shi ne mataki na ƙarshe, bayan an gama da waɗannan.

Aksul yana magana da ƙara

A nan ne wayar ke da amfani na gaske, a matsayin kunne. Kowace ƙara tana da lokacinta. Kukan da ke ƙaruwa idan an taka totur, ya ragu ko ya sauya idan an ɗaga ƙafa, galibi daga giyoyin tsakiyar aksul yake. Gurnanin da ke bin gudun mota, ya sauya idan an karkata sitiyari hagu ko dama, boris ɗin taya ne abin zargi. Ƙas-ƙas a lokacin kwana, musamman a 4H, yana nuni ga mahaɗin shaf na gaba. Bugu guda idan an tashi ko an sauya giya yakan fito daga mahaɗin furofela.

Matsalar ita ce mota ba ta cika yin ƙarar ba idan an kai ta gaban bakanike. Idan yaron mota ya naɗi sautin a waya, ya faɗi gudun da ake yi da giyar da ake ciki, an rage rabin aikin.

Damina kuma tana da nata tarkon. Kowane aksul yana da ɗan bututun numfashi a samansa. Idan aksul mai zafi ya shiga ruwan rafi mai sanyi, iskar cikinsa takan tsuke, ta zuƙo ruwa ta bututun ko ta robar da ke tare mai. Man giya sai ya koma kamar kunun gyaɗa, boris ya fara ci a hankali. Buɗe murfin zuba mai a duba launinsa bayan an ƙetare ruwa mai zurfi aikin minti biyar ne. Sabon man giya irin GL-5 ya fi sabon aksul araha nesa ba kusa ba. Kuma kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Tsarin da ya kamata a ara

Mai rubuta manhaja da ya ƙware ba ya sauya abu biyar a lokaci guda. Yana fara tabbatar da cewa zai iya maimaita matsalar, ya rubuta yanayin da take faruwa, ya sauya abu ɗaya, ya sake gwadawa. Idan an sauya fulogi da koyil da famfon mai rana ɗaya motar ta gyaru, babu wanda ya san wanne ne ya lalace, kuma an biya kuɗin biyu a banza. Idan ba ta gyaru ba, an ƙara sabbin abubuwan zargi uku.

Kowace waya tana da manhajar rubutu. A buɗe wa motar shafi: kwanan wata, kilomita, abin da aka ji, abin da aka sauya, nawa aka biya. A ɗauki hoto kafin a kwance komai. Bayan shekara guda wannan shafin zai fi kowace na'ura sanin motar.

Wani zai ce wannan aikin kanikawa ne, kuma dattijon da ya shekara talatin yana kwance Land Cruiser ba ya buƙatar darasi daga mai waya. Gaskiya ne, kuma shi ya sa manufar ba maye gurbinsa ba ce. Bakanike na kirki da kansa wannan tsarin yake bi, a kansa yake ajiye bayanan. Abin da ke ba shi wahala shi ne mai motar da zai zo ya ce “tana wani irin abu” kawai, ko kuma wanda zai zo da lamba daga waya ya dage sai an sauya abin da intanet ta ce. Tsakanin waɗannan biyun akwai wanda ya zo da sauti da hoto da tarihi, ya bar wa gwani hukunci.

Ita ma ELM327 a ba ta haƙƙinta. A Hilux mai injin 2TR-FE, irin waɗanda suka fara fitowa a tsakiyar shekarun 2000, tana nuna zafin ruwan injin da lamba, kafin allurar gaban direba ta motsa. Wajen sayen mota ta hannu, tana iya tona asirin wanda ya goge lambobi jim kaɗan kafin ciniki, domin gwaje-gwajen cikin kwamfutar za su nuna ba su kammala ba. Sai dai a cire ta idan za a ajiye mota kwanaki, tunda soket ɗin yana da wuta ko an zare makulli, kuma batir take sha.

Matashin da mahaifinsa ko yayansa ke jan irin wannan mota zai iya farawa a wannan makon. Ya sauke littafin gyaran, ya buɗe shafin tarihi, su gwada 4H da 4L a kan ƙasa kusa da gida, su duba man aksul gaba da baya. Gara a gano ruwa a cikin man da safe a gareji a Funtua ko Malumfashi, da a gano shi da yamma tsakanin Dandume da Sabuwa, buhu ashirin a baya kuma waya babu sabis.